Sandar Kamu Bakwai

Ranar Laraba, kwana goma sha ɗaya bayan ɗaukewar ruwan sama, Zaki ya sa aka ƙona sandar awo a tsakiyar kogi, dabbobin Dajin Ƙirya kuwa suka yi ta rawa har la'asar.

Kogin nasu wata huɗu yake gudana a shekara. Sauran wata takwas farin yashi ne, ruwan yana kwance a ƙarƙashinsa, sai mai iya haƙa ke kai wa gare shi. Masu haƙar sanannu ne: gyado da haurensa, dabgi da faratansa, beguwa, da wasu ƙananan da ba a cika kula da su ba. Kowanne yana da rijiyarsa a cikin yashin, yana sayar da ruwa ƙwarya-ƙwarya, a ba shi rogon daji ko ɗinya ko saƙar zuma. Rijiyoyin sun kai arba'in. In ruwan wannan ya yi laka sai ka matsa gaba, in wancan ya yi maka fuskar shanu ka wuce shi.

Sandar awo gwangwala ce mai kamu bakwai. Doka ce tun kaka da kakanni cewa kada rijiya ta wuce tsawonta zurfi. Babu wanda ya tuna dalilin dokar, amma kowa ya san mai riƙe da sandar. Kura ce, ita ke da sarautar Sarkin Rijiya. In ta zo awo, sandar takan yi tsawo ga wanda ya ajiye mata cinya, ta gajarce ga wanda ya manta. Wuraren da ruwa ya fi kusa kuwa duk ta raba wa surukanta.

Dila ne ya kawo ƙarshen wannan. Shi ne malamin fada, ya yi karatu a dazuzzuka uku, kuma ba ya bari a manta da haka. Ya tashi gaban sarki ya ce:

"Allah ya ja zamanin manyan dawa. Babakere ba ya tsirowa da kansa kamar tafasa. Shuka shi ake yi, kuma a fada ake ba shi ruwa. Ku duba duk wanda ya taɓa danne kasuwa a dajin nan, za ku ga sawun Kura a bayansa, sawun Kura kuwa daga ƙofar fada yake fitowa. A janye hannun sarki daga kan ruwa. Mai haƙa ya haƙa yadda ya so, mai saye ya zaɓi inda ya so. Wanda ya tsawwala, masu saye za su gudu su bar shi. Wanda ya yi ha'inci, maƙwabcinsa zai cinye kasuwarsa. Inda kowa ke da iznin haƙa, ba wanda zai iya zama shi kaɗai."

Rabin maganar gaskiya ce, shi ya sa ta yi nisa. Ƙarya zalla ba ta da ƙafar wannan tafiyar. Zaki ya yi murna, domin an ba shi aikin da ya fi iyawa, wato kada ya yi kome, kuma a yabe shi a kai.

Wanda ya kawo busasshiyar ciyawar da aka kunna wutar da ita wani tsohon gyado ne mai suna Nomau. Rijiyarsa na gindin kanya, inda kogi ya yi kwana. Yana da dalilinsa. Shekara shida da suka wuce Kura ta auna rijiyarsa ta ce ta wuce da taki ɗaya, ta ɗauke masa ɗa a matsayin tara. Ranar wutar ya yi rawa har ƙafarsa ta baya ta riƙe, ya dawo gida yana ɗingishi, ya tarar da matarsa Kuluwa tana kwashe yashi daga bakin rijiya.

"An gama tsalle-tsallen, maigida?" in ji ta, ba ta ɗago ba.

"Ke ba ki yi murna ba? Wadda ta cinye mana ɗa."

"Kurar kuka ƙona?"

"Sandarta."

"Sandar ce ta ci ɗan? Ɗazu na ga Kura a gindin tsamiya tana sakace. Lafiyarta ƙalau." Ta tura wani yashin gefe. "Kakata takan ce ruwan ƙarƙashin yashin nan ƙwarya ɗaya ce, mu duka tsinke muka tsoma muna zuƙa. Shi ya sa aka yanke tsinkayen daidai. Ranar da wani ya zo da wanda ya fi na kowa tsawo, shi zai shanye."

"Zancen tsofaffin mata," in ji Nomau. "Ku ko Aljanna aka ba ku, sai kun tambayi inda za a zubar da shara."

"To," in ji Kuluwa. "Allah ya sa ni ce ba ni da gaskiya."

Kafin wata ya ƙare Toron Giwa ya shigo sana'ar. A da bai taɓa kula da ita ba, domin ramin kamu bakwai bai isa ya ɓata masa safiya ba. Yanzu ya zaɓi wuri a ƙasan kwanar, ya ɗauki ɓauna goma sha biyu suna kwashe masa yashi, ya daɓe bango da itatuwan da ya karyo da kansa, ya gangara kamu talatin. Ruwansa ya fito garau, mai sanyi kamar na randa.

Dole a yi wa Toro adalci, tunda shi ma bai taɓa hana kowa nasa awon ba. Bai yi ƙarya ba, bai yi sata ba, bai taka kowa ba. Muryarsa a ƙasa take, yana gaida na ƙasa da shi kafin su gaishe shi. Farashinsa daidai da na kowa. Bambancin a gyara yake. Al'adar kasuwa ce mai saye ya ce a gyara, mai sayarwa ya ƙara ɗan kaɗan, a rabu da murmushi. Gyaran Nomau bai wuce kurɓi biyu ba. Gyaran Toro ƙwarya ce cikakkiya.

Ranin farko ya zama kamar yadda Dila ya faɗa. Ruwa ya yi araha har barewa tana wanke kofato da shi. Aka yi wa Dila waƙa, aka yi wa sarki biyu. Nomau ma wata rana ya zagaya ta bayan ciyawa ya sha na Toro, don dai ya san abin da yake gasa da shi.

"Bakinka yana ƙanshin ruwan sanyi," in ji Kuluwa da ya dawo.

"Bincike na je."

"Allah ya ba da sa'ar bincike. Ƙwarya nawa ka bincika?"

A rani na biyu rijiyoyi suka fara ja da baya. Waɗanda ke kusa da ta Toro suka fara, sa'an nan na gaba da su, kamar cuta mai bin gida-gida. Masu haƙa suka ƙara zurfi, tunda yanzu ba mai hanawa. Amma gyado in ya kai kamu tara yashi yakan fara zubo masa a ka, ba shi kuma da ƙarfin karyo itacen daɓe. Wani dabgi mai suna Cindo ya yi taurin kai ya kai goma sha ɗaya. Ramin ya rufta da shi, ba a sha wahalar yi masa kabari ba. Dila ya yi ta'aziyya mai kyau, ya kuma bayyana cewa kasuwa rariya ce, tana tace gwani daga rago.

Dorina ce kaɗai mai girman da za ta iya karawa da Toro, kuma ta gwada. Ta haƙa tata a saman kwanar, kamu ashirin da biyar. Ranar da ta buɗe, Toro ya yi shelar sadaka: kwana arba'in ruwa kyauta ga kowa, don neman gafarar iyayensa. Dorina ta zauna kwana arba'in bakin rijiyarta tana kallon ƙuda. A rana ta arba'in da ɗaya ta karɓi tayin zama abokiyar cinikinsa, shi kuwa ya cike rijiyar tata da yashi don kada wani ya faɗa ciki.

Daga nan gyara ya ɓace. Ba a yi shelarsa ba, kawai in ka ce a gyara sai a dube ka kamar ka yi wani yare. Ƙwaryar da ake sha da rogo ɗaya ta koma uku, ta koma bakwai. Aka kewaye rijiyar da ƙaya, aka bar ƙofa ɗaya, aka sa mai gadi. Kura ce. Ta bar aikin fada ta shiga na 'yan kasuwa, ta ce ta fi samun kwanciyar hankali, domin a nan ba ta buƙatar ɓoye abin da take yi.

Sai Toro ya tausaya wa talakawa. Ya sa aka sanar cewa wanda ba shi da rogo ko zuma ba za a kore shi ba, ana karɓar haure da farata. Haure ɗaya, ruwan kwana goma. Ba a tilasta wa kowa ba. Masu haƙa suka riƙa zuwa da ƙafarsu, suna kwantawa gaban Kura, tana cire musu da duwatsu biyu, ana rataye abin da aka cire a jikin shingen don ado. Kafin tsakiyar rani na uku shingen ya yi fari fat, kuma doka tana nan daram: kowa na da iznin haƙa.

A wannan bazarar ce Kuluwa ta kwanta. Zazzaɓi ne irin wanda ba ya son kome sai ruwa. Rijiyarsu ta gindin kanya, wadda ta fi kowace daɗewa, yanzu ko laima babu a gindinta. Nomau ya kai rogon da suka tara, ya ƙare cikin mako guda. Ya kai haurensa na hagu. Bayan kwana goma ya kai na dama. Ya nemi a duba na Kuluwa, Kura ta ce na mace gajere ne, ba ya kyau a shinge.

"Da me za ka haƙa in damina ta wuce?" in ji Kuluwa da ta ga fuskarsa.

"Damina ta zo tukun."

"Ka yi kama da tunkiya."

"Sha ki yi shiru."

Ta sha. Kwana ashirin haurensa suka saya musu. Masu duban gajimare sun ce saura kwana arba'in ruwa ya sauka.

Da koke ya yi yawa, Zaki ya kira majalisa a gindin babbar ƙirya, ya ce manya da ƙanana kowa ya zo. Ranar ta zo daidai da ranar da rabin ƙwarya ya rage a ramin su Nomau. Da hantsi Kuluwa ta kira shi. Muryarta ta koma kamar ganye yana gogar ganye.

"Je ka faɗa musu zancen ƙwarya ɗaya. Su ba su taɓa shiga rami ba, ba su sani ba. Ka ce a yanko wata gwangwalar. In an mayar da ta Toro kamu bakwai, kafin kwana uku ruwa zai dawo gindin kanya."

"In suka ce wa ya faɗa fa?"

"Ka ce wata tsohuwar mace."

Ya tsaya a bakin ramin. Akwai wata magana da ta taso masa har maƙogwaro, wadda ya shekara biyu yana ɗauke da ita. Amma shekara goma sha tara suna tare bai taɓa sauka a gardama ba, ya ga kuma ba yanzu ne lokacin farawa ba, tana kwance, shi kuma ba haure. Ya tura mata rabin ƙwaryar kusa da baki.

"Sai na dawo," ya ce.

Majalisar Dajin Ƙirya tana da al'ada ɗaya da ba a ƙona ba. Ba mai buɗe baki gaban sarki sai ya kurɓi ruwa daga ƙwaryar majalisa, don kada wani ya yi magana da zafin zuciya. Ƙwarya ɗaya ce, ana cika ta sau ɗaya, tana zagayawa daga babba zuwa ƙarami. A da masu rijiya ke cika ta bi da bi, kuma ba ta taɓa ƙarewa ba, domin kurɓa ake yi don al'ada, ba don ƙishi ba. Ranar nan Toro ne ya ba da ruwan kyauta, cike har baki, aka kuma gode masa. Kura ce ke zagayawa da ita, saboda ta san tsarin.

Zaki ya kurɓa ya ce kunnensa a buɗe yake. Damisa ta kurɓa ta ce ita ba ta ga matsala ba, sai ma dai sauƙin da aka samu, tunda yanzu hanyar ruwa ɗaya ce, ba sai ta yi ta yawo neman abinci ba. Ɓauna ya kurɓa ya ce Toro ya ba 'yan'uwansa goma sha biyu aikin yi. Dorina ta kurɓa, ta duba ƙasa, ta ce ba ta da abin faɗi. Sa'an nan Dila.

"Allah ya ja zamanin manyan dawa. An ce wai akwai babakere a dajin nan. Ina tambaya: sarki ya ba Toro takardar mallaka? Bai ba shi ba. Sarki ya hana wani haƙa? Bai hana ba. An ɗaure wani aka kai shi rijiyar Toro? Kowa da ƙafarsa ya je. To abin da ba sarki ne ya haifa ba, ba babakere ba ne, nasara ce. Farashi ya hau, na yarda. Amma hawan farashi kira ne. Yana kiran wani gwanin daga wani dajin ya zo ya haƙa, kuma zai zo, ko bana ko baɗi. In muka yi gaggawa muka mayar da sanda, sai mun nemi mai riƙe ta, kun kuwa san wadda ta riƙe ta a da." Ya nuna Kura. Kura ta yi dariya, aka yi dariya tare da ita. "Haƙuri kawai ake bukata. In an ba kasuwa lokaci, tana gyara kanta."

A baya can, cikin ƙananan dabbobi, Nomau yana ta maimaita maganarsa a zuci. Gajeriya ce. Ya ƙidaya manyan da suka rage, saura ɗaya. Ya leƙa ƙwaryar daga nesa, ruwan bai ma sauka zuwa rabi ba.

Toro, saboda tawali'u, ya roƙi a bar shi ya zama na ƙarshe cikin manya. Kura ta ajiye ƙwaryar gabansa. Ya sa hanci ya kurɓa sau ɗaya tak, kamar yadda al'ada ta ce, ba ƙari. Kurɓin giwa ne.

"Ranka ya daɗe," ya ce a hankali, "ni ɗan kasuwa ne, ban iya jawabi ba. Abin da na sani shi ne ban taɓa tauye awo ba. Duk wanda ya ga ruwana ya yi masa tsada, ga yashi nan, na kowa ne. Ni zan fara yi masa murna."

Aka ce yanzu lokacin talakawa ne. Nomau ya kutsa gaba, wasu suna nuna fuskarsa suna ƙus-ƙus. Kura ta kawo masa ƙwaryar, ta kifa ta gabansa, ta ɗan bubbuga bayanta. Ko ɗigo bai faɗo ba.

Ya buɗe baki.

"Ka sha ruwa, baba?" in ji Kura.

Ya rufe. Ya duba sarki. Zaki ba mugu ba ne, yana da tausayi irin na wanda ya ƙoshi, kuma fuskar tsohon ta dame shi. Ya juya ga Dila ya tambaya ko ba za a ƙaro ruwan ba.

"Ranka ya daɗe, ana iya ƙarowa," in ji Dila. "Duk mai son magana ya saya ya zuba, ba a hana shi ba. Amma in sarki ne ya umarci Toro ya ƙaro, to sarki ya sa hannu a cinikin ruwa ke nan. Shekara uku kana riƙe da hannunka. Tarihi yana kallo."

Toro ya ce shi a shirye yake ya sayar, a farashin kasuwa, ko da haure ne. Ya dubi bakin Nomau da ladabi, ya kau da kai.

Zaki ya daɗe yana tunani, sa'an nan ya ce ba a taɓa jarraba sarki kamar yadda aka jarraba shi yau ba, kuma ya gode Allah da ya ci jarrabawar. Tunda ba wani talaka da ya kawo ƙara, majalisa ta tabbatar ba wanda ke da ƙara. Aka tashi kafin la'asar.

Nomau ya bi yashi ya nufi gida. Tun daga kwanar kogi ya hango ungulu uku a kan kanya, zaune cikin natsuwa irin ta waɗanda suka san an kusa kiransu. Kafin ya shiga rami Kuluwa ta cika. Rabin ƙwaryar na nan yadda ya bar shi. Ba ta sha ba. Ta ɗan matsar da shi zuwa gefen da yake kwanciya.

Ruwan sama ya sauka bayan kwana goma sha tara, ya samu waɗanda ya samu. Kogi ya cika, farashi ya faɗi ƙasa warwas, Dila ya ce ai dama ya faɗa. Aka yi masa sabuwar waƙa. Gwanin nan na wani daji bai zo ba, amma ana sa ransa. Da rani ya dawo, dabbobi suka yi layi a ƙofar shinge tun da sassafe ba tare da an kira su ba, 'ya'yan gyado kuwa da suka taso a shekarar suka riƙa kallon haurensu mai tsirowa suna lissafa kwana goma-goma.

Nomau ya ƙara shekara biyu a duniya. Yana kwashe wa Toro yashi da hanci, ana ba shi ƙwarya ɗaya a yini, a cike, ba tauyewa. Wasu suna tsammani zancen majalisa ne ke cinsa, da za a ba shi kurɓi ɗaya ya faɗi abin da ke ƙarƙashin yashi. Ba shi ba ne. Ya daɗe da gane cewa ko ya faɗa, Dila yana da amsa, kuma mai daɗin ji. Abin da ke cinsa bai kai wannan tsawo ba, ba ya kuma bukatar ruwan kowa ko iznin sarki. A bakin raminsa ya tsaya da shi da hantsin ranar majalisa, ya haɗiye, ya ce sai ya dawo.

Kuluwa, zancen sandar nan, ke ce da gaskiya.